Sunan da hukuma ta haramta: asalin MacGregor na ƙasar Sikotlan

"Malam, ina koyar da tarihi a wata sakandare. A darasin shigowar Turawa kogin Kwara muna ambaton Macgregor Laird, a na mulkin mallakar Legas kuma akwai Gwamna William MacGregor. Rannan wani ɗalibi ya tambaye ni ko su ne kakannin Conor McGregor, ɗan damben nan. Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na rasa abin cewa. Mene ne asalin wannan suna? Duk masu amsa shi dangi ɗaya ne? Kuma me ya sa wasu ke rubuta Mac, wasu Mc?"

Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ɗalibin nan naka bai yi tambayar banza ba, ko da 'yan ajinsu sun yi masa dariya. Idan na fahimce ka, abu uku kake nema: inda sunan ya fito, ko masu shi tsatso ɗaya ne, da dalilin bambancin rubutu. Na ƙarshen mai sauƙi ne, na tsakiyar ne ke da aiki. Sunan dai ɗaya ne, gidansa kuma tsaunukan yammacin Sikotlan. Sai dai a can suna ba ya zama shaidar jini, ballantana wannan da hukuma ta hana amsa shi har kusan shekara 140, masu shi suka fake a cikin sunayen maƙwabta.

Mac da Mc

A harshen Gelik, wanda mutanen tsaunukan ke yi tun kafin Ingilishi ya mamaye su, mac na nufin ɗa. Mac Griogair ke nan ɗan Griogair, wato Gregor. Shi Gregor ba sunan gargajiyarsu ba ne. Kiristanci ya kawo shi daga Latin, Latin ma daga Girkanci ta aro shi, ya kuma yaɗu a Turai saboda fafaromomin da suka yi suna Gregory, musamman na farkonsu da ya rasu a 604. A Gelik ba a ce wa mace Mac, Nic ake cewa, don haka 'yar gidan NicGriogair ce. Sai da aka koma rubuta sunaye da Ingilishi aka haɗa maza da mata a Mac.

Da farko ma ba sunan gida ba ne. Kowa da sunan ubansa ake kiransa, ɗa ya haifi ɗa suna ya sauya. Sannu a hankali sunan wani kaka da ya yi fice ya tsaya cik, zuriya ta riƙe shi, kamar yadda a Kano jikoki da tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ke amsa Ɗantata har gobe alhali shi kaɗai ne mai laƙabin na asali.

Mc kuwa gajartawa ce kawai ta akawu mai sauri, haka M' da ake gani a tsofaffin takardu. Zancen da ake yaɗawa cewa Mac na Sikotlan ne, Mc na Ailan, ba shi da tushe. A aikina na bin salsala ba abin mamaki ba ne in ga mutum guda an rubuta shi M'Gregor ranar da aka yi masa baftisma, McGrigor ranar aurensa, Macgregor a takardar ƙidaya. Shi bai taɓa sauya suna ba, masu riƙe da alƙalamin ne suka bambanta, wataƙila ma shi bai iya karatun da zai gyara musu ba.

To wane ne Gregor ɗin? 'Yan gidan na cewa su jinin Alpin ne, mahaifin Sarki Kenneth MacAlpin da ya rasu a 858, har takensu ma na nufin "dangina na sarauta ne". A ganina wannan kirari ne, domin tsakanin sarkin da mutum na farko da takarda ta tabbatar akwai ramin shekara kusan 500. Inda aka taka ƙasa mai ƙarfi shi ne ƙarni na 14, da wani Gregor wanda ɗansa Iain Cam, wato Iain mai ido ɗaya, ya rasu a 1390 a kwarin Glenorchy. Mun san haka ne daga kundin da wani malamin coci ɗan gidan, James MacGregor na Fortingall, ya tattara a farkon ƙarni na 16, mai ɗauke da waƙoƙin Gelik da ranakun rasuwar manyan dangi.

Ƙasa ba takarda

Zaman farko na dangin a kwaruruwa uku ne da ke kusa da tafkin Loch Awe, manyansu Glenorchy da Glenstrae. Suna noma, suna kiwon shanu, suna ganin ƙasar tasu ce tun kaka da kakanni. Abin da ba su da shi shi ne takardar mallaka mai hatimin sarki. Maƙwabtansu dangin Campbell kuwa sun mara wa Sarkin Sikotlan Robert Bruce baya a yaƙinsa da Ingila a farkon ƙarni na 14, aka saka musu da filaye da takardu. Kafin tsakiyar ƙarni na 15 wani reshen Campbell ya mallaki Glenorchy a hukumance, ya gina katafaren gidan yaƙi na dutse a Kilchurn, a bakin tafkin.

Mutane na ba da labarin kamar gaba ce tun ran gini tun ran zane, amma ba haka takardu suka nuna ba. Fiye da shekara 100 MacGregor na zaman yaran gidan Campbell. Su ne mayaƙansu, da su aka faɗaɗa iko zuwa gabas, wajen tafkin Tay da Rannoch, ana kuma auratayya. Rana ta ɓaci ne a zamanin Colin Campbell na Glenorchy, mutum mai son wuƙa da nama su zama a hannunsa shi kaɗai. Ya gindaya wa matashin shugaban MacGregor, Gregor Roy, sharuɗɗan da ba zai iya karɓa ba kafin ya ba shi gadon Glenstrae. Yaƙi ya ɓarke a 1562, ya ja har 1570, shekarar da aka kama Gregor Roy aka fille masa kai a Balloch. Matarsa 'yar Campbell ce, kuma waƙar makokin da ta yi masa har yau ana rera ta a Gelik.

Dangin da aka raba da gona, ga shi sun iya takobi, ba sai an faɗa maka sana'ar da za su koma ba. Satar shanu da kai hari suka zama abincinsu, manyan masu sarauta kuma na amfani da su a ɓoye wajen cin zarafin abokan hamayya, in ta ɓaci su zame. A 1589 wasu 'yan dangin suka kashe John Drummond, mai gadin dajin farautar sarki a Glenartney. Taɓa bawan sarki taɓa sarki ne, daga nan sunansu ya shiga baƙin littafi a Edinburgh, babban birnin ƙasar.

Glen Fruin da abin da ya biyo baya

A ƙarshen 1602 MacGregor suka kai hari ƙasar dangin Colquhoun na Luss, a gefen tafkin Loch Lomond. Shugaban Colquhoun ya kwashi matan da aka kashe wa maza ya kai su gaban Sarki James na 6 a Stirling, suna ɗauke da rigunan mamatan jina-jina. Sarki ya ba shi izinin ɗaukar fansa da wuta da takobi. Ranar 7 ga Fabrairu 1603 aka gwabza a kwarin Glen Fruin. Colquhoun sun fi yawa, har da mahaya dawaki, amma shugaban dangin, Alasdair MacGregor na Glenstrae, ya raba rundunarsa biyu ya ritsa su a wuri mai taɓo inda doki ba ya da amfani. Takardar tuhuma ta ce an kashe mutum kusan 140.

Lokacin ya yi wa MacGregor muni ƙwarai. Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta rasu ranar 24 ga Maris, James na shirin tafiya Landan ya hau gadonta, ba ya son a ce ƙasar da ya baro ta gagare shi. Ranar 3 ga Afrilu 1603, kwana biyu kafin ya bar Edinburgh, majalisarsa ta zartar cewa an shafe sunan MacGregor. Duk mai shi ya ajiye ya ɗauki wani, in ya ƙi hukuncinsa kisa.

Yadda aka kama Alasdair ya cancanci a tsaya a kai. Mai sarautar Argyll, babban Campbell, ya yi masa alkawarin zai kai shi Ingila lafiya ya kai kukansa gaban sarki. Aka haɗa shi da 'yan rakiya, suka tsallaka iyaka da shi a Berwick, ƙafarsa ta taka ƙasar Ingila, sannan suka juyo da shi Edinburgh. Wai an cika alkawari ke nan. A Janairun 1604 aka rataye shi a tsakiyar kasuwar birnin tare da wasu manyan danginsa, aka kuma ɗaga igiyarsa ta ɗara ta sauran da tsawon mutum guda, don kowa ya gane wane ne shugaba.

Dokokin da suka biyo baya kan mai uwa da wabi ne. An hana su taruwa fiye da mutum huɗu, an hana su riƙe makami sai wuƙar cin nama marar tsini. An yi farautarsu da karnuka. Mai laifi na iya samun afuwa idan ya kawo kan ɗan MacGregor, a 1611 kuma aka yi umarni a yi wa matansu lalas da mabuɗi a fuska. Majalisar dokoki ta tabbatar da haramcin a 1617, ta ƙara tsananta shi a 1633: fasto ba zai yi wa yaro baftisma da sunan Gregor ba, magatakarda ba zai rubuta yarjejeniya da sunan MacGregor ba. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi cizo a zaman yau da kullum, domin mutumin da ba ya iya sa sunansa a takarda ba ya iya sayen gona, ba ya iya bin bashinsa a kotu.

Abin mamaki, da yaƙin basasa ya tashi a shekarun 1640, dangin suka tsaya wa gidan sarautar da ya yi musu wannan aika-aika. Sarki Charles na 2 ya saka musu da ɗage dokar a 1661. Da aka kori James na 7 daga mulki, suka sake bin ɓangarensa, gwamnatin Sarki William da ya maye gurbinsa ta maido da haramcin a 1693. Bai tashi gaba ɗaya ba sai 1774. Haɗa 58 na farko da 81 na biyu, ka ga inda na samo kusan 140 ɗin.

Gida ɗaya, suna uku

Nan ne amsar tambayarka ta tsakiya take. Dubi gidan Rob Roy, wanda ya fi kowa suna a dangin. An haife shi a 1671 a Glengyle, lokacin doka na a ɗage, don haka da MacGregor ya tashi. Da aka maido da haramci ya ɗauki sunan mahaifiyarsa, ya riƙa sa hannu a matsayin Robert Campbell. Ɗan wansa, shugaban reshen Glengyle, ya zama James Graham. Ɗansa na cikinsa James ya zama Drummond. Uba, ɗa da ɗan wa, kowa da nasa sunan gida. Galibi mutum kan ɗauki sunan dangin uwa, ko na mai ƙasar da yake zaune a inuwarsa, shi ya sa Murray, Drummond, Graham, Campbell, Stewart da Grant suka yi yawa a cikinsu. Wasu kuma suka ɗan karkata sunan kawai, ya koma Gregory ko Greig.

Rob Roy ɗin fataucin shanu yake yi, yana kuma karɓar kuɗin kariya daga manoma don kada a sace musu dabbobi, wanda a wancan zamanin sana'a ce da aka sani. Wajen 1712 ya karɓi fam 1,000 daga mai sarautar Montrose da wasu don sayen shanu, kuɗin suka ɓace, aka ce babban mai kora masa shanu ne ya gudu da su. Aka ƙwace masa gida da gona, ya shiga daji ya yi shekaru yana kora shanun Montrose, ana nemansa ruwa a jallo. Duk da haka a kan gadonsa ya mutu, a Disambar 1734, aka binne shi a Balquhidder. Jarumtar da ake jingina masa rabinta aikin marubutan ƙarni na 19 ne. Ni dai abin da na fi gani a tarihinsa shi ne ɗan kasuwa mai wayo da ya san yadda ake fakewa da wani babba don a yaƙi wani.

Bayan 1774 da yawa sun koma wa sunan kakanni. Ɗaruruwan 'yan dangi suka sa hannu suka amince da John Murray na Lanrick, wanda ya yi aikin soja a Indiya ya tara dukiya, a matsayin shugaba. A 1822, da Sarki George na 4 ya ziyarci Edinburgh, 'yan MacGregor ne aka ba rakiyar kambin sarautar Sikotlan, a birnin da aka rataye shugabansu. A shekarar aka kafa ƙungiyar dangin da ke nan har yanzu. Amma wasu da yawa ba su koma ba. Mutumin da kakansa da ubansa suka rayu suka mutu a matsayin Drummond, da wannan suna aka san shi a kasuwa da coci, me zai kai shi sauyi? Shi ya sa yau akwai jinin MacGregor cikin masu amsa Murray, akwai kuma akasin haka: talakawa da barori da suka zauna ƙarƙashin dangin suka ɗauki sunan, da wasu da kakansu wani Gregor ne daban da bai haɗa komai da Glenorchy ba.

Mutanen nan uku

Macgregor Laird ma ba MacGregor ba ne ta wajen uba. Sunan gidansu Laird, masu ƙera jiragen ruwa ne, an haife shi a Greenock a 1808. Macgregor sunan gidan mahaifiyarsa ne aka raɗa masa, al'adar da Sikotawa ke yi don kada sunan dangin uwa ya ɓace. Wani abu da zai burge ɗalibanka: jirage biyu masu tururi da ya shigo da su a 1832 tare da Richard Lander, ɗaya sunansa Quorra, ɗaya Alburkah, wato Kwara da Albarka. Albarkar ba ta bi tafiyar ba, don cikin Turawa 48 tara kaɗai suka tsira, zazzaɓi ya cinye mafi yawan sauran. Shi ne kuma ya samar da jirgin Pleiad na 1854, wanda William Baikie ya hau Binuwai da shi yana ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba a rasa rai ba.

William MacGregor ɗan talakan manomi ne daga Towie a yankin Aberdeen, gabashin ƙasar, nesa da Glenorchy. An haife shi a 1846, ya karanci likitanci, ya yi aiki a Fiji da New Guinea kafin ya zama gwamnan Legas daga 1899 zuwa 1904, inda ya fi mai da hankali kan cike fadamu da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Samun sunan a can gabas ba baƙon abu ba ne, tun zamanin farauta dangin suka warwatsu.

Conor McGregor kuwa haifaffen Dublin ne. Sunan ya tsallaka Ailan ne galibi ta hanyar Sikotawan da suka yi ta ƙaura can tun daga ƙarni na 17, kuma dokar Edinburgh ba ta aiki a can. Wani fasto James McGregor na Aghadowey da sunansa a fili ya jagoranci jama'arsa zuwa Amurka a 1718, lokacin da a Sikotlan laifi ne amsa shi. Saboda haka ka gaya wa ɗalibinka sunan tushensa ɗaya, amma Laird da gwamnan ba kakannin ɗan damben ba ne ta wata hanya da tarihi ya rubuta.

Idan mutum na son ya bi nasa

Ƙa'idar da nake bi ita ce a fara daga mai rai a koma baya, tsani bayan tsani. Masu farawa daga Rob Roy su gangaro kullum suna samun abin da suke so, ba abin da ke akwai ba. Sikotlan ta fara rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati a 1855, kuma takardunta sun fi na Ingila bayani, don takardar mutuwa na faɗin sunan uba da sunan gidan uwa. Akwai ƙidayar jama'a mai sunaye tun daga 1841. Hukumar adana takardun ƙasar ta sa waɗannan a intanet a shafin ScotlandsPeople, ana biyan kuɗi kaɗan a ga hoton takarda.

Kafin 1855 sai littattafan coci, a nan gizo ke saƙa. Mafi tsufa ya faro ne daga 1553, amma a yankin tsaunuka coci da yawa ba su fara rubutu ba sai cikin ƙarni na 18, wasu littattafan ruwa ya ci, wasu sun ɓata. Abin da mai bincike ke addu'ar gani shi ne inda akawu ya rubuta sunan aro sannan ya ƙara cewa ana kuma kiran mutumin McGregor. Layi ɗaya irin wannan na iya haɗa ƙarni biyu. In babu shi, kuma babu takardar gado ko ta kotu, salsalar yawancin talakawa kan tsaya ne wajen 1750, duk wanda ya ce maka ya wuce nan ba da hujja ba ƙiyasi yake yi.

Gwajin DNA ya taimaka a wannan gida fiye da gidaje da yawa. Akwai ƙwayar halittar da ke bin layin maza kaɗai, daga uba zuwa ɗa, kamar yadda sunan gida ke bi. Da aka gwada masu sunan, an samu wani rukuni da ya dace da gidan shugabanni, har da masu amsa sunayen aro, an kuma samu wasu rukunoni da ba su haɗa kaka da su ba ko kusa. Gwajin na iya cewa mutum biyu sun haɗa kaka, ba ya iya faɗin sunan kakan ko ƙauyensa, kuma bai ce komai ba game da dangin uwa irin na Laird.

A yi hattara kuma da masu sayar da "tambarin gidanku" a intanet. A dokar Sikotlan tambari na mutum ɗaya ne, ba na duk mai suna ba, kuma kotun Lord Lyon da ke Edinburgh ce ke bayar da shi. Na MacGregor mallakar shugaban dangi ne, Sir Malcolm MacGregor a yanzu. Abin da aka yarda sauran su sa shi ne ɗan bajo mai kan zaki da kambi, kewaye da ɗamara da taken gidan. Yadin nan mai ratsi-ratsi da kowane dangi ke cewa nasa ne, shi ma ware shi gida-gida yawanci aikin masaƙa da 'yan kasuwar ƙarni na 19 ne, bayan an ɗage dokar hana tufafin tsaunuka a 1782.